Tambayoyinku kan Fasaha: Cire shingen shafi da na sashe a Word ga masu aiki da manhajar karanta allo

Tambayoyin da na zaɓo wannan makon duk daga 'yan'uwanmu masu larurar gani suka zo, waɗanda galibinsu ke aiki da Microsoft Word ta kunne, da NVDA ko JAWS, manhajojin da ke karanta abin da ke kan allo da murya. Duk kuma a kan abu ɗaya suke, wato wasu alamomi biyu da manhajar ke ambata da Turanci idan ta iso kansu, page break da section break. A nan zan riƙa kiran na farko shingen shafi, na biyu shingen sashe, domin dukansu abu ne da ake kafawa don a raba fili.

Tambaya: Malam, ana ba mu handawut a PDF, ni kuma in mayar da shi Word don in ji daɗin karatu da NVDA. Amma duk layi kaɗan sai in ji "section break", har in manta inda jimla ta faro. Na gwada gogewa ɗaya bayan ɗaya na gaji. Babu wata hanya ta kwashe su gaba ɗaya? (Wani ɗalibi daga Kano)

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, kuma ba ta kai minti biyu ba. Abin da ya jawo yawansu shi ne, duk manhajar da ke mayar da PDF zuwa Word, har da shi Word ɗin kansa da ya fara buɗe PDF tun fitowar 2013, ƙoƙarinta ta kwaikwayi siffar shafin kamar yadda ido ke ganinsa. Duk inda tazarar gefe ta ɗan sauya, ko rubutu ya rabu gida biyu kamar na jarida, sai ta kafa shingen sashe. Takardar da aka yi wa sikanin ta fi kowace cika da su.

Da farko ka danna F12 ka adana fayil ɗin da sabon suna, ka yi aikinka a kan kwafin. Sai ka danna Ctrl da H, akwatin nema da sauyawa zai buɗe, ka sami kanka a gurbin farko na abin da za a nemo. A nan ka rubuta ^b, wato alamar da ke kan lamba 6 idan an haɗa da Shift a madannin Turanci irin na Amurka, sannan ƙaramin harafin b, ba tazara a tsakaninsu. Ka danna Tab zuwa gurbi na biyu ka rubuta ^p. Sai Alt da A. Word zai faɗa maka adadin wuraren da ya sauya.

Me ya sa ban ce ka bar gurbi na biyu fayau ba? Saboda sau da yawa shingen sashe shi ne ke tsaye a matsayin ƙarshen sakin layi. In ka cire shi ba ka sa komai a madadinsa ba, jimlar ƙarshe ta sama za ta manne da kanun da ke ƙasa, su zama layi ɗaya. ^p ɗin nan ita ce alamar ƙarshen sakin layi, ita ke hana wannan cakuɗewa. In daga baya ka ji "blank" ya yi yawa, ka koma akwatin ka nemi ^p^p ka sauya da ^p, ka maimaita har Word ya ce bai ƙara samun komai ba.

Shingen shafi kuwa lambarsa ^m ce. Na rukunin rubutu irin na jarida ^n, tsinken layi da ake yi da Shift da Enter kuma ^l, ƙaramin harafin L ke nan. Wanda bai son haddace su, cikin akwatin ya danna Alt da M ya faɗaɗa shi, sannan Alt da E, jerin zai fito ya bi da kibiya ya zaɓa.

Wani abu da ke yawan kayar da mutane a nan: idan ka rage yawan alamomin da NVDA ke furtawa, zai iya yin shiru a kan alamar ^, kai kuma ka ɗauka ba ta shiga ba ka sake bugawa. Ka bi gurbin harafi-harafi da kibiyar hagu da ta dama ka tabbata guda ɗaya ce. Maɓallin NVDA (wato Insert ko Caps Lock, gwargwadon yadda aka saita shi) da P shi ke sauya yawan alamomin da yake faɗa.

Kuma in karatu kawai kake so, ba gyara ba, kana iya barin takardar yadda take ka rufe bakin manhajar. Danna NVDA da Ctrl da D, ka cire alamar zaɓi daga kan lambobin shafi. Tun fitowar 2017.1 NVDA ya haɗa sanar da lambar sashe da irin shingensa a ƙarƙashin wannan zaɓi. Shawarata dai ka mayar da shi duk ranar da za ka rubuta abin da wani zai karanta a takarda.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubuta furojet ɗina na kammala digiri. Wata ƙawata ta koya mini cire ^b gaba ɗaya, na yi, na adana, na kai wa malamin da ke duba aikin. Ya dawo mini da shi ya ce lambobin shafi sun rikice, na Romawa da ke shafukan farko sun ɓace, kuma wani babban jadawali da ke kwance ya miƙe gefensa ya yanke. Ni kuwa da na bi da JAWS ban ji kalma ɗaya ta sauya ba. Me ya faru? (Wata ɗaliba daga Zariya)

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Tambayarki ita ta fi taɓa ni, domin ba sakaci kika yi ba. Kin bi aikinki kin duba da abin da kike da shi, kuma gaskiya ne ko harafi bai ɓace ba. Ɓarnar ta faru ne a inda kunne ba ya kaiwa sai an tura shi musamman.

Shingen shafi da na sashe kama suka yi a wajen suna, amma aikinsu ya sha bamban. Shingen shafi, wanda ake sawa da Ctrl da Enter, umarni ɗaya yake ɗauke da shi: abin da ya biyo baya ya koma sabon shafi. In an cire shi rubutu ya matso sama, shi ke nan. Shingen sashe kuwa rumbu ne. A cikinsa Word ke ajiye tsarin duk shafukan da ke samansa, har zuwa shingen da ya gabace shi: tazarar gefe, girman takarda, ko shafi a tsaye yake ko a kwance, rubutun kan shafi da na gindinsa, irin lambobin shafi da inda suke farawa. Ki riƙe wannan kalma, samansa. Idan kika goge shi, shafukan da ke sama sun rasa ma'ajiyarsu, sai su ɗauki tsarin sashen da ke ƙasa. Sashen ƙarshe shi ba shi da shinge a bayansa, tsarinsa na cikin alamar sakin layi ta ƙarshe a fayil ɗin. To da kika kwashe su duka, furojet ɗin gaba ɗaya ya sa rigar sashen ƙarshe, daga shafin sadaukarwa har jadawalin nan.

Da kin farga kafin ki rufe fayil ɗin, Ctrl da Z ya wadatar, dannawa ɗaya ke warware sauyin gaba ɗaya. Tunda an riga an rufe, in kina da tsohon kwafi a filashi ko a saƙon da kika taɓa turawa, shi ya fi sauƙi. In babu, mu sake ginawa, kuma ba shi da wuya.

Ki danna Ctrl da Alt da N ki koma tsarin daftari, inda kowane shinge ke zama a layinsa, kibiyar sama da ta ƙasa su riƙa tsayawa a kansa. Ki je farkon kanun Babi na Ɗaya, ki danna Home. In akwai shingen shafi a gabansa ki goge shi tukuna, don kada biyun su haɗu su haifar da farar takarda. Sai ki danna Alt, ki saki, ki danna P, sannan B, sannan N. Wannan ya kafa shingen sashe mai tsallakawa sabon shafi. Yanzu kina da sashe biyu.

Ki koma ko'ina cikin shafukan farko, ki danna Alt, N, N, U, F bi da bi. Akwatin tsarin lambobin shafi ke nan. A jerin farko ki sauka zuwa i, ii, iii ki danna Enter. Sai ki dawo cikin Babi na Ɗaya ki sake buɗe akwatin, ki zaɓi 1, 2, 3, ki je zaɓin Start at ki sa 1.

Jadawalin kuwa, ki zaɓe shi duka haɗe da kanunsa, ki danna Alt, P, S, P don buɗe akwatin tsarin shafi, ki zaɓi Landscape, a gurbin Apply to kuma ki zaɓi Selected text. Word da kansa zai kafa shinge biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Amma a nan akwai wani rami. Duk sabon sashe yana gadon tsarin wanda aka yanko shi daga ciki, har da umarnin nan na farawa daga 1. Saboda haka shafin jadawalin zai iya zama shafi na 1, wanda ke biye da shi ma ya sake zama na 1. Ki shiga kowanne cikin sababbin sassan biyu, ki buɗe akwatin lambobin shafi, ki zaɓi Continue from previous section.

Ta yaya za ki tabbatar ba tare da kin nemi mai ido ba? Layin bayani da ke ƙasan tagar Word zai iya nuna lambar sashe, sai dai ba a kunne take zuwa ba. Ki riƙa danna F6 har ki isa layin, ki danna Shift da F10, ki sa alama a kan Section da kuma Formatted Page Number. Na biyun nan shi ke faɗin lambar da za ta fito a takarda idan an buga. Daga nan Insert da Page Down a JAWS zai karanta miki layin. Masu NVDA su danna NVDA da End, ko NVDA da Shift da End a tsarin laftof. Don yawo tsakanin sassa, Ctrl da G, ki rubuta s2 ko s3, ki danna Enter sannan Escape. A kowane sashe ki saurari layin bayani, ki buɗe akwatin tsarin shafi ki ji a tsaye yake ko a kwance.

Wannan layin ne kuma zai tsare ki nan gaba. Kafin ki taɓa shingen sashe a kowace takarda, ki danna Ctrl da End ki ji lambar sashen ƙarshe. In ya ce 4, shinge uku ne a ciki, kuma uku a furojet alama ce ta cewa da gangan aka sa su. In ya ce 60 a handawut mai shafi ashirin, tarkacen juyi ne, a share. Idan kuma kina shakka, a akwatin sauyawa ki bar Alt da A, ki yi amfani da Alt da F ki nemo na gaba, Alt da R ki sauya wanda kika amince da shi kaɗai.

In ya zama dole ki cire wani shinge amma kina son tsarin sama ya tsira, sai ki fara sa wa na ƙasa rigar na sama. Ki daidaita masa tazara da tsayuwar shafi a akwatin tsarin shafi. Ki shiga rubutun kan shafinsa da Alt, N, H, E, ki kunna Link to Previous, zaɓin da ke sa sashe ya ɗauki rubutun kan shafin wanda ya gabace shi, ki yi haka a na gindi da Alt, N, O, E. In neman maɓallin ya ba ki wuya, Alt da Q na buɗe gurbin da ake rubuta sunan umarni a Word 2016 zuwa sama. Bayan nan ki goge shingen, babu abin da zai motsa.

Tambaya: Ni akasin haka nake nema. Ina haɗa littafin wa'azozi, kowane babi na raba shi da Ctrl da Enter. Yanzu ina so kowane babi ya sami sunansa a kan shafi, an ce sai da shingen sashe. Na sa ^m a sama, ^b a ƙasa, Word ya ƙi karɓa. (Wani malami daga Maraɗi)

Amsa: Allah ya gafarta Malam, ba kuskuren bugawa ka yi ba. Word na karɓar ^b a gurbin nema ne kaɗai, ba ya karɓarta a gurbin sauyawa. Dalilin a fili yake: shingen sashe iri huɗu ne, mai tsallakawa sabon shafi, mai ci gaba a shafi ɗaya, mai jiran shafi mai lambar cika, da mai jiran mai lambar mara, kuma kowanne da kayan da ya ƙunsa. Harafi ɗaya ba zai gaya masa wanne ake nufi ba.

Dabarar ita ce a ba shi samfuri. A tsarin daftari, ka kafa shinge ɗaya da Alt, P, B, N. Ka hau kansa da kibiya har manhajar ta ambace shi, ka danna Home, ka danna Shift da kibiyar dama sau ɗaya ka zaɓe shi, sai Ctrl da X ka yanke. Yanzu yana ma'ajiyar kwafi. Ka buɗe Ctrl da H, a sama ^m, a ƙasa ^c, wadda ke nufin a zuba abin da ke ma'ajiyar kwafi. Alt da A, an gama. Daga nan sai ka bi babi-babi, ka shiga rubutun kan shafi, ka kashe Link to Previous tukuna, sannan ka rubuta sunan babin. In ka rubuta kafin ka kashe, sunan zai haura ya hau kan babin da ya gabata.

Ka kula da zaɓin Use wildcards a cikin akwatin. In yana kunne, ^b da ^p ba sa aiki a gurbin nema, ita kuma ^m sai ta kama shingen shafi da na sashe gaba ɗaya ba ta bambancewa. Lambar ^12 ma duka biyun take kamawa. Ka tabbata zaɓin a kashe yake kafin wannan aiki.

Tunda littafi ne, watakila maɗaba'a ta ce kowane babi ya fara a shafin dama. Ba sai ka goge komai ba. Ka tsaya cikin babin, wato ƙasan shingen, ka buɗe akwatin tsarin shafi, ka je ɓangaren Layout da Ctrl da Tab, a jerin Section start ka zaɓi Odd page. Ka san cewa idan babin baya ya ƙare a shafi mai lambar mara, Word zai cusa farar takarda a tsakani lokacin bugawa. Wannan shafi babu komai cikinsa da kibiya za ta taka, don haka manhajarka ba za ta tsaya a kansa ba; tsallen da lambar shafi ta yi, daga 15 zuwa 17 misali, shi ne shaidarsa.

Wannan zaɓi na Section start shi ke bayyana wani abin mamaki da mutane ke kuka da shi. Irin shinge a sashen da ke ƙasansa yake rubuce. Don haka idan ka goge wani shinge mai ci gaba a shafi ɗaya, wanda ke samansa mai tsallakawa zai iya rikiɗa ya zama mai ci gaba, babi ya manne da wanda ya gabace shi. Maganinsa a wannan jerin yake, ka mayar da shi New page.

Tambaya: Akwai wani sakin layi da kullum sai ya fara a sabon shafi. Na nemi ^m na nemi ^b, Word ya ce babu. (Wata ma'aikaciya daga Kaduna)

Amsa: Hajiya, to umarnin a jikin sakin layin yake. Ki tsaya a kansa, ki danna Alt, H, P, G, ki je ɓangaren Line and Page Breaks da Ctrl da Tab, ki duba ko akwai alama a kan Page break before. In babu, ki duba Keep with next a wannan sakin layi da waɗanda ke biye da shi, domin idan an ɗaure da yawa a jere sukan ɗunguma tare zuwa shafi na gaba. Akwai kuma lokacin da shingen yana nan amma ya ƙi goguwa. Galibi bibiyar gyara ce, wato Track Changes, ke kunne, Ctrl da Shift da E ke kashe ta.

Shi wannan Page break before ɗin, ni shi na fi so a kan Ctrl da Enter. Idan aka sa shi cikin salon Heading 1 ta akwatin Ctrl da Shift da S, kowane babi zai fara a sabon shafi da kansa, ba alamar da za a goge bisa kuskure, ba abin da zai katse wa mai sauraro karatu. Ina roƙon masu shagunan buga takardu da sakatarorin ofis su koyi wannan. Har yanzu da yawa Enter suke dannawa sau goma sha biyar don su tura kanu zuwa sabon shafi. Mai ido farar takarda yake gani ya wuce, amma mai bi da kibiya sai ya ji "blank" sau goma sha biyar, kuma da an ƙara layi ɗaya a sama duk tsarin ya rushe.

Tambaya: Ba ni da Word, LibreOffice nake amfani da shi tare da NVDA. Waɗannan lambobi za su yi mini aiki? (Wani matashi daga Kumasi)

Amsa: A'a, ɗan'uwa, lambobin Word ne su. NVDA, wanda Michael Curran ya fara a 2006 a Ostireliya kuma James Teh ya haɗa hannu da shi, dukansu makafi, kyauta ne kamar LibreOffice, don haka na fahimci dalilin haɗa su. Amma Writer ginin daban ne. Can tsarin shafi a salon shafi yake zaune, shingen shafi kuma sifa ce ta sakin layin da ya biyo bayansa, ba harafi ba ne da za a nemo da ^m. Don cire shi ka tsaya a farkon sakin layin da ya buɗe sabon shafi ka danna Backspace sau ɗaya, ko ka shiga akwatin sakin layi, ɓangaren Text Flow, ka cire alama daga kan Insert a ƙarƙashin Breaks. Idan suna da yawa, ka zaɓi rubutun duka da Ctrl da A ka cire alamar sau ɗaya, amma a kan kwafi, domin salon shafin da aka ɗaura wa shingen zai tafi tare da shi.